Waƙa Tsakanin Uwa Da Ɗiyarta

 Yau ina so mu yi hira a kan wani abu da ke cikin kowane gida amma ba a cika zancensa ba, watau 'yar tsamar nan da kan shiga tsakanin uwa da ɗiyarta sa'ad da yarinya ta fara girma. Kowace mace ta san ta. Yarinyar da jiya take maƙale da zanen uwarta, yau ta kai shekara 14 ko 15, in an aike ta sai ta tafi tana ƙunƙuni, in an yi mata faɗa sai ta shige ɗaki ta ƙi cin tuwo. Uwa kuwa tana tsakar gida tana cewa, "Yarinyar nan ta sāke mini." Ba a yi zagi ba, ba a yi duka ba, amma gida ya yi nauyi. Hausawa sun ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, to, balle mutum biyu masu kwana ɗaki ɗaya.

Ni malamar makaranta ce a nan birnin Sakkwato. Ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, kuma Hausa nake koya wa 'yammata 'yan shekara 13 zuwa 17. Cikin abin da aka ɗora mini har da waƙa, ta baka da rubutacciya. A kwaleji an koya mana yadda ake nazarinta: a nemo jigo, a duba salo, a ƙirga baitoci, a gane amsa-amo. Duk wannan yana da amfani, kuma ana tambayarsa a jarrabawa. Amma na lura yara ba su kasa kunne sosai sai waƙa ta taɓo abin da suka baro a gida da safe. Abin da suka baro kuwa, sau da yawa, fuskar Inna ce.

To, me ya haɗa waƙa da wannan al'amari? Ku bari in fara daga tushe. A ƙasarmu akwai kunya tsakanin uwa da abin da ta haifa, tun ba ɗan fari ko 'yar fari ba. Uwa ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce "ke", ko ta sa mata laƙabi. Ba ta wasa da ita gaban mutane, ba ta yabonta, in baƙuwa ta yaba ma sai ta kau da kai. A gidaje da yawa kaka ko gwaggo ce ke ɗauke 'yar fari tun daga yaye ta riƙe ta. Wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a Ingila a 1954, kuma ta yi bayanin irin wannan kunya yadda ta same ta wajen iyayenta. Al'adar ta yi sauƙi yanzu, musamman a birni, amma saiwarta tana nan.

Ku dubi abin da wannan ke haifarwa. Faɗan uwa da baki ake yinsa, kowa ya ji. Ƙaunarta kuwa da hannu ake yinta, a ɓoye: tuwon da aka rufe aka ajiye, zanen da aka saya da kuɗin adashi, tashin dare sa'ad da zazzaɓi ya kama yarinya. Ita yarinya abin da kunnenta ya ji shi take ƙirgawa, sai ta ɗauka faɗa ne kurum rabonta. Kuma ba ta da halin mai da magana, don tarbiyya ta hana, daidai ne kuwa da ta hana. Ga mutum biyu ke nan, kowacce cikinta cike da magana, babu mai hanyar fitarwa. Iyayenmu na da, da yake masu hikima ne, sun bar wa maganar ƙofa guda, ƙofar kuwa ita ce waƙa.

Don yara su gani da idonsu, sai na ba su aikin gida. Na ce kowacce ta je ta roƙi mahaifiyarta ko kakarta wata waƙa ta mata wadda ta iya tun tana yarinya, ta daka ce, ko ta niƙa, ko ta reno, ko ta gaɗa, ko ta biki, ta rubuto ta cikin littafinta, ta rubuta kuma lokacin da ake yinta. Waɗansu suka dawo hannu wofi, wai Inna ta yi dariya ta ce, "Waƙar mi? Tashi ki ba ni wuri." Waɗansu kuwa suka cika shafi uku, don kaka ta sami abokiyar hira. Sa'an nan na rubuta tambayoyi uku a allo, na ce da su za mu auna kowace waƙa. Wa ke magana? Da wa take yi? Mene ne ta bari ba ta faɗa ba?

Muka fara da waƙoƙin reno. Da fari yara suka ce ai waɗannan ba su da wani jigo, na lallashin jariri ne ya yi barci. Na ce su sake dubawa. Mai waƙar tana roƙon jariri ya yi shiru, tana yi masa alkawarin abubuwan da ba ta da su, tana ambaton aikin da ke jiranta. Tana yi masa kirari kamar ɗan sarki, amma a cikin kirarin akwai roƙon ya sake ta ta huta. Can sai wata yarinya daga bayan aji ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ashe mai waƙar nan ta gaji." Aji ya yi tsit. Ita ke goyon ƙaninta kullum in ta koma gida, ta san nauyin goyo, amma ran nan ne ta fara tunanin cewa ita ma an goya ta, kuma wadda ta goya ta ta gaji ba ta sauke ba.

Daga nan muka shiga waƙoƙin gaɗa, inda murya ta koma ta yarinya. A cikinsu akan ji budurwa tana kuka da auren tsoho, ko tana roƙo a bar ta da wanda take so, tana kiran Inna. Na tambaye su, don me ba ta shiga ɗaki ta faɗa wa uwar baki da baki ba? Suka ce ina, wa zai iya? Na ce to, ku ga dabara. Ta fita dandali cikin ƙawayenta, ana tafi, ta faɗi abin da ke ranta da waƙar da ba tata ce ita kaɗai ba, kuma ta ɗaga murya yadda za ta tsallake katanga. Uwa tana cikin gida ta ji, ta kuwa gane, don ita ma ta yi wannan waƙa a nata zamanin. Saƙo ya isa, ba wadda ta yi wa wata rashin kunya. Haka matan aure ke yi da habaici a bakin turmi in suna da magana da kishiya ko maigida.

Waƙoƙin aure su suka fi taɓa su. Kun san ran da za a kai amarya uwa ba ta rakiya. Gwaggwanni da ƙawaye ke tafiya da ita, tana kuka suna waƙa, uwa kuwa ta shige ƙuryar ɗaki. Na ce da yara, wannan ranar uwa ta san da zuwanta tun ran suna. Duk faɗan da take yi kan shara da wanke-wanke da gishirin miya, sauri take yi, don kwanakin da za ta riƙe ki ƙirgaggu ne. Ta san kuma in kin je gidan wani kin yi abin assha, ba sunanki za a fara kira ba, cewa za a yi uwarta ba ta koya mata ba. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Wadda ke tsoron jifa kuwa dole muryarta ta yi kaifi.

Ni kaina 'yar fari ce, kuma har yau ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Ran da zan tafi kwaleji ba ta ce mini kome ba, sai "Allah ya kiyaye." Amma da asuba, ina ɗaure kaya, na ji ta a bakin turmi tana wata waƙa irin wadda ake yi wa amarya in za ta bar gida, tana yinta ƙasa-ƙasa, taɓarya na amsa mata. Da na isa na buɗe akwati, sai ga yaji da ƙuli-ƙuli da daddawa a ƙulle cikin tsohon ɗankwalinta. Na ba yara wannan labari, sa'an nan na maimaita musu tambaya ta uku da ke allo.

Bayan waƙoƙin baka muka koma ga rubutacciyar waƙa, kuma mu mutanen Sakkwato ba sai mun yi tafiya mai nisa ba. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an haife ta a Ɗegel a 1793, ta rasu a nan Sakkwato a 1864, kabarinta yana Hubbare kusa da na mahaifinta. Ta auri Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Jean Boyd, wata Baturiya da ta daɗe da zama a Sakkwato, wadda Waziri Junaidu ya buɗe wa takardun gidansu, ita da Beverly Mack ta Amurka suka tattara ayyukanta wajen 60 suka buga su a 1997. Mahaifiyar Nana, Maimuna, ta rasu tun Nana tana ƙarama, matan mahaifinta ne suka rene ta. Da na faɗi haka sai na ga waɗansu yara sun gyara zama, don a kowane aji akwai marainiya, akwai kuma wadda ke hannun matar uba.

Waƙoƙin Nana na wa'azi ne da tarihi da marsiyya, amma yadda ta isar da su ga mata shi ne abin lura a nan. Ta kafa 'Yan Taru. Ta naɗa jajoji, watau dattawan mata masu ilimi, ta ba kowace jaji malfa da jan rawani. Jaji ce ke jagorantar ayari daga ƙauye zuwa Sakkwato, kuma 'yan ayarin tsofaffi ne da 'yammata waɗanda ba a yi wa aure ba. Matan aure masu goyo suna gida. Karatun da aka ɗauko a waƙe shi ake komawa da shi ga waɗanda ke cikin gidaje. To, ku auna wannan da hankali. Yarinya ce ta je ta jiyo, uwa ce ke zaune tana saurare, kuma babu raini a ciki, don maganar ba ta yarinyar ba ce, amana ce aka ba ta ta kawo. Ashe tun wancan zamani waƙa ke shiga tsakanin uwa da ɗiya a wannan ƙasa.

A cikin waƙoƙin gidan Shehu ne kuma na samo dabarar da ta fi kowace amfani a ajina, watau tahamisi. Ga yadda yake. Wani ya yi waƙa mai layi biyu-biyu, sai wani ya zo daga baya ya ƙara layi uku nasa a saman kowane baiti, baiti ya zama mai layi biyar. Ba ya goge kalma ko ɗaya ta mai waƙar fari, kuma layukan mai waƙar fari su ke rufe baiti. Waƙar nan da ake kira Tabbat Haƙiƙa, Shehu ne ya yi ta da Fulatanci, 'ya'yansa suka mai da ita Hausa aka yi mata tahamisi, da hannun Nana a cikin aikin. Ɗa ya ƙara a kan maganar mahaifi, maganar mahaifi kuwa tana nan daram.

Na ce da yara, kowacce ta zaɓi faɗan da mahaifiyarta ta fi yi mata, ta tsara shi layi biyu yadda uwar ke faɗinsa, ba ragi ba ƙari, ba kuma ba'a. Sa'an nan ta ɗora layi uku nata a sama, ta faɗi abin da ke ranta. Sharaɗi ɗaya ne, maganar Inna ce za ta zo ƙarshe. Kai, ran nan na sha karatu! Wata faɗan dawowa gida kafin magariba ta ɗauka, a layukanta ta kawo darasin yamma da wahalar samun kabu-kabu. Wata faɗan waya, wata faɗan talla da ke cinye mata lokacin bitar karatu. Abin mamaki shi ne, don amsa-amo ya daidaita dole yarinya ta yi ta maimaita layin uwar a bakinta, ta juya shi, ta saurare shi. Da yawa suka ce sai a wajen neman amsa-amon nan suka ji cewa akwai tsoro a ƙarƙashin faɗan.

Ɗaya daga cikinsu maganarta ta fi nauyi. Mahaifiyarta tana so da ta gama sakandare a yi mata aure, don kada ta daɗe a gida mutane su fara magana. Ita kuwa aikin ungozoma take so ta koya, don matan unguwarsu su sami mace 'yar'uwarsu a ɗakin haihuwa. Wata da watanni ba su zauna sun yi zancen ba, sai shiru da kumburi. Ta rubuta baitinta, ta kai gida, ta karanta wa uwar da dare, wai aikin makaranta ne take so a saurara mata. Ta ce uwar ba ta tanka ba, sai da safe ta tambaye ta shekara nawa ake yi a karatun. Ban ce waƙa ta yanke hukunci ba, har yanzu ana shawara a gidan, kuma akwai mahaifi da dangi da za su sa baki. Amma maganar da ta daɗe a binne ta fito fili, ba wadda ta zubar da mutuncin wata.

Kada ku ɗauka a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan ja-in-ja. Na kawo wa yara labarin waƙoƙi biyu na Turanci, na bayyana musu ma'anarsu da Hausa. Ta fari ta Langston Hughes ce, wani baƙar fata na Amurka, wadda aka buga a 1922. Uwa ce ke magana da ɗanta namiji, tana kwatanta rayuwarta da hawan matakala mai wuya, tana gargaɗinsa kada ya juya baya. Ta biyu ta Gillian Clarke ce, wata mata ta ƙasar Wales a Birtaniya, a kan ɗiyarta. Ta kwatanta cibiya da igiya wadda su biyu ke ja tun daga ɗakin haihuwa, har ran da yarinyar ta girma tana roƙon a bar ta ta ƙara wasa a waje bayan duhu ya yi. Yara suka fashe da dariya, wata ta ce, "Malama, ashe har Turawa ma ana hana su fitar dare!" Na ce ƙwarai kuwa, ko'ina uwa take, riƙo take so ta yi, ko'ina ɗa yake, tafiya yake so ya yi, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa.

Na san akwai iyaye mata da za su ce, anya wannan malama ba tana koya wa yara mai da magana ba ne? Wata ma ta aiko mini da wannan tambaya ta bakin ɗiyarta, kuma tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce, girman uwa ba abin taɓawa ba ne. Suratu Luƙman, aya ta 14, ta tuna mana wahalar ɗaukar ciki da shayarwa ta shekara biyu, kuma kowa ya san hadisin da aka ambaci uwa sau uku kafin uba. Shi ya sa na ce maganar Inna ce ke rufe baiti. Amma biyayya iri biyu ce. Akwai ta yarinyar da ke yi tana cin rai, tana jiran ran da za ta kuɓuta, akwai kuma ta wadda ta gane dalili. Ta farin takan ƙare a bakin ƙofar gida. Ta biyun ita ke bin yarinya har ɗakin mijinta, har ran da uwa ta tsufa ta bukaci mai jiyya.

Abin da ke damuna shi ne ƙofar nan ta waƙa tana rufewa. Injin niƙa ya kori dutsen niƙa, ya rage wa turmi aiki, kuma ba a waƙa a gaban inji, ƙararsa ba ta bari. Dandali ya mutu a unguwanni da yawa, da dare kowace yarinya tana duƙe a kan waya ko gaban talbijin. Ba na kukan wahalar niƙa, sauƙi ne Allah ya kawo mana. Amma kunya tana nan, tsama tana nan, wurin fitar da su ne ke ɓacewa. Shi ya sa nake ganin darasin waƙa a makarantar 'yammata ya wuce maganar cin jarrabawa.

Saboda haka ga roƙona. Ku iyayena mata, in yarinya ta zo ta ce malama ta aiko a ba ta waƙa, kada ku kore ta. Ku zaunar da ita ku yi mata wadda aka yi muku, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma abin da kunya ta hana ku faɗa sai ya bi ta nan ya isa. Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ku sami ɗan littafi ku rubuta waƙoƙin kakanninku tun suna raye, ku rubuta sunan garin da suka koyo su. In Inna ta yi muku faɗa yau da dare, kafin ku shige ɗaki ku tambayi kanku mene ne ta bari ba ta faɗa ba. Wata rana ku ne za ku tsaya a tsakar gida kuna duban ƙofa da magariba.

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya shirya mana zuriya, ya sanya fahimta tsakanin uwa da abin da ta haifa. Amin.